Ɗigo Mai Wutsiya

Zafin bayan azahar, irin mai sa mutum mafarki ido buɗe, ya lulluɓe garejin Dogo. Yana zaune a kan tsohuwar taya, gabansa buhuna uku a shimfiɗe, kowanne ɗauke da kayan cikin injin a-kori-kura ɗaya. Haka ubansu ya koya musu, shi da ƙanensa: kowane inji da buhunsa, ko noti ba ya tsallakawa.

Wani direba ne fistin ɗin motarsa ya tsage, ya jajibo matattun injuna biyu, wai a duba ko za a dace da wanda zai shiga. Direba dai direba ne. A wurinsa in inji yana shan dizal, to duk uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.

Dogo ya ɗaga fistin ɗin ɗaya daga cikin matattun, wani tsohon inji. Nauyi ne da shi, ga tsawo, ringinsa masu kauri. Na motar direban gajere ne, ramin kansa kamar ɗan ƙoƙo. Na ukun kuwa sabon yayi ne, shafal a hannu, ringi siriri, ramin da ɗan tudu a tsakiya. Ko a mafarki ba za su yi musanya ba. Ya san haka tun kallon farko, jan aikin kawai yake yi don ba ya son komawa gida.

Ƙanensa Auta ne damuwar. Tare suka tashi a garejin nan, har ranar da ya rataya jaka ya tafi neman aiki can nesa. Wayarsa ta daina shiga, shekaru suka yi ta wucewa. Yanzu dangi sun yanke shawarar a yi masa addu'ar mamaci, kuma Dogo aka ɗora wa gaya wa Inna, mahaifiyarsu, yau ɗin nan. Tsoro yake ji, tsoro sosai.

Ya tsoma fistin na ukun a kwanon kananzir yana cuɗawa a hankali. Hasken da ke ratsowa ta hudar rufin kwano yana rawa a kan ruwan, har ya ga kamar Auta na tsugune a gefensa, ido rufe, yana shafa ƙarfe yana faɗin motar da ya fito. Baƙin mai ya narke. Babban yatsansa ya ji wani abu ta ciki.

Kowane bakanike yana ɗiga wa fistin alama don kada ya ɓata masa wuri. Amma wannan ɗigon an ja masa 'yar wutsiya, ta lanƙwasa hagu. Bahago ɗaya Dogo ya sani mai wannan iyayin, Auta, kuma ya sha rankwashi a kansa bai daina ba.

Ya sake duban buhun. Irin wannan injin ai ba a fara ƙera shi ba sai bayan tafiyar Auta da daɗewa.

"Malam direba, ina aka taɓa gyara injin nan?"

"Oho. Hannu nawa ya bi kafin ya zo gare ni? Zai shiga dai?"

"Ba zai shiga ba. Bar min wannan ɗayan."

"Ɗauka mana, miya zan yi da shi?"

Ya tarar da Inna a bakin ƙofar ɗakinta, inda take zama tun da idonta ya raunana. Ya durƙusa, ya sa mata fistin ɗin a cinya, ya kai yatsanta wurin. Ta shafa, ta sake shafawa.

"Ja'irin yaro," ta ce a hankali. "Har tukwanena bai bari ba da wutsiyar nan."

"Inna, injin sabo ne. Bayan ya tafi aka yi shi."

Ta kai ƙarfen hancinta ta shinshina, mai ya ɓata mata mayafi, ko a jikinta.

"Ashe yana nan," ta ce. "Hannunsa lafiya lau, yana aiki, ya iya zama bai neme ni ba."

Hawaye ya gangaro mata, ga kuma murmushi.

"Na san abin da suka aiko ka da shi, Dogo. Ka ce musu su riƙe addu'arsu. Faɗa nake bin sa tukuna."