Yadda Gwaggo Hajaratu Ta Mallaki Manhaja

A shekarun da aka hana 'yan acaɓa ɗaukar mata a Kano, Zainulabidin yana da shagon buga takardu kusa da tashar Gwarzo. A kwamfutar shagon ne ake ajiye wata manhajar duba rubutun Hausa, wadda shi da wasu suke ginawa kyauta, kowa yana da damar ɗauka ya gyara. Sai dai gyara ba ya shiga sai ta hannunsa. Wanda ya ƙara kalmomi sai ya zuba a filas ɗin kwamfuta ya kawo masa, shi kuma ya jira ranar da ya samu man janareta. Mai ya yi tsada, filas suka taru a wani kwanon sha a ƙarƙashin tebur.

Malama Zubaidatu, wadda take koyarwa a Kabo, ta fi kowa aiki, ta kuma fi kowa shan wahala. Ba acaɓa, mota kuma ba ta tashi sai ta cika. Ran nan ta iso ta tarar ya kulle shago ya tafi ta'aziyya Madadi. Da suka haɗu ta ce, "Malam, mu koma tsarin Git. Kowa ya riƙe cikakken kwafi da tarihin duk abin da aka taɓa yi. In na yi gyara ka jawo daga wurina, in ka yi in jawo daga wurinka."

"To ni kuma in zama wa?"

"Mai kwafi, kamar kowa."

Ya ja ƙafa, daga baya ya yarda. Ya kwashe tarihin aikin kaf ya mayar sabon tsari, ya ɗora a intanet. Kafin ya duba abin da ya ɗora, ɗalibai a Zariya da Damagaram sun riga sun sauke nasu.

Dalhatu na Mainika, wani manomi mai kiwo da ya ba manhajar sunayen launin shanu, shi ya fara bugo waya. Ya ce ya duba tarihin, kowane layi an rubuta wai Gwaggo ce ta yi shi. Abin da ya faru shi ne, gwaggon Zainulabidin, Hajaratu mai daddawa, ita ta saya masa kwamfutar, shi kuma don girmamawa ya sa sunanta a wurin shiga. Duk gyaran da ya taɓa shigarwa da sunan ya shiga. Ya so ya goge, Zubaidatu ta ce in ya taɓa tarihi kwafin kowa zai daina jituwa da nasa. Aka bar shi haka.

Saƙonni suka fara zuwa da sunan Gwaggo. Zainulabidin ya ga amana ce, ya riƙa zuwa yana karanta mata tana tuƙin daddawa. Wani ɗalibi ya turo kalmomin kiwon kifi. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Wannan yaron bai tambayi mutan gida ba. A mayar masa." Aka mayar masa. Ya sake turowa da gaisuwa mai tsawo, har da ya gajiya, ya ruwa, sannan aka karɓa.

Ana cikin damina Dalhatu ya mayar da kalmar fari ta koma hwari, yadda ake faɗa a gidansu, Zubaidatu kuma ta taɓa layin nan a nata kwafin. Da aka zo haɗawa na'ura ta tsaya, ta ce ba za ta zaɓa ba. Kowa ya kafe a kan nasa, suka tafi wurin Malam Jibirin liman ya sasanta su. Ya tambayi wa ya fara rubuta layin. Suka duba, suka ce Gwaggo.

"Mai abu tana raye, kuka zo wurina?" in ji shi.

Suka zauna a zauren Gwaggo, kowa ya yi bayani. Ta dube su ɗaya bayan ɗaya ta ce, "Gero yana bununi kuke kiran fari? A cire duka biyun."

Zubaidatu ta ce, "Gwaggo, ai launi ake nufi."

"Na'urar ta san da haka?"

Aka cire. Daga ranar, duk wanda ya rubuta farin wata ko farin ciki lafiya lau, amma in ya rubuta fari sai manhaja ta ja masa jan layi.

Zubaidatu ta koma Kabo ranta a ɓace, ta buɗe nata reshe na daban a kwafinta ta mayar da kalmar, ba ta nemi izinin kowa ba, tsarin ma bai ce ta nema ba. Sannu a hankali mutane suka koma jawowa daga wurinta. Zainulabidin kansa nata yake amfani da shi a shago, amma na Gwaggo yake ɗorawa a intanet, don ba zai iya haɗa ido da Gwaggo ba in ta ji ya ɗora mai fari a ciki.

Bayan girbi ya je ya roƙe ta a mayar da fari. Ta ce a bari tukuna a ga yadda damina mai zuwa za ta sauka. Sannan ta ce ya gaya wa Dalhatu shanu sun isa haka, ya shigo da awaki.