Kular da Ta Dawo Ba Komai

Ranar Alhamis na dawo daga aiki da la'asar, ƙafafuna kamar ba nawa ba, na tarar da shuɗiyar kula a ƙofar gidanmu. Na sunkuya na ɗauka da ƙarfin mai ɗaga abinci, sai hannuna ya yi sama. Na buɗe. An wanke ta tas, an goge, ko ƙamshin albasa babu.

Shekara goma sha ɗaya kular nan tana kai da kawo tsakanina da Abigel, Maman Zakaria, maƙwabciyata ta hawa na biyu a rukunin gidajenmu na bayan titin Wendover, a nan Amurka. Ni 'yar Tudun Wadar Kaduna ce, ita 'yar Zonkwa, Kirista, amma Hausarta ta fi ta 'ya'yana nesa ba kusa ba. In na aika mata da masa, sai ta dawo da gwaten acha. Naman layya ya hau, shinkafar Kirsimeti ta sauko. Ko ranar da babu, sai ta jefa lemo biyu a ciki, don a wurinmu ba a mayar da kwano haka nan. Har mun manta wa ya sayi kular. Abigel ce ta riƙe hannuna a asibiti ranar da na haifi Suhaila, ita ce ta kwana uku a falona da aka bugo mini rasuwar mahaifiyata. Yau ga kula ba komai, kuma na san dalili.

Dalilin yana zaune a falo yana shan shayi: mijina, Alhaji Dabo.

Wani fim ne ya fito, wanda aka yi daga wani littafi da ya cika gari. Wai akwai tsohuwar takarda da manyan coci suka binne tun zamanin da, wadda ke nuna an sauya labarin Annabi Isa, kuma suna kashe duk wanda ya gano ta. Ƙagaggen labari ne, amma mutane suka ɗauke shi da zafi. Alhaji kuwa rabonsa da littafi tun na jarrabawar tuƙi, fim ɗin ma tallarsa kawai ya gani a waya. Amma ranar Talata ya danna saƙon murya a zaurenmu na WhatsApp, inda 'yan Arewa ɗari da ashirin muke, Musulmi da Kirista, muna sanar da suna da rasuwa da wanda zai je gida a ba shi saƙo.

"Jama'a, ga shi Turawan da kansu sun fasa ƙwai," in ji shi. "Abin da muka daɗe muna faɗa ke nan. 'Yan'uwanmu na coci su zo mu je ranar Asabar su gani da idonsu, tikiti a kaina." Ya ƙarasa da dariya, irin wadda yake yi in ya ci wani a gardamar ƙwallo.

Ba wanda ya amsa. Bayan minti goma Sylvanus, mijin Abigel, dattijo a cocinsu, ya fita daga zauren. Mutum shida suka bi bayansa.

Na ajiye kular a kan tebur gaban Alhaji na buɗe masa.

"Alhaji, ka ga aikinka?"

Ya leƙa. "Wataƙila ba ta yi girki ba ne."

"Maman Zakaria ce ba ta yi girki ba? Don Allah ka goge maganar nan ka ba mutane haƙuri."

"Wasa ne fa, Hauwa'u. Kuma ƙarya na yi?"

"Ka kalla ne?"

"Ai shi ya sa za mu je. Mu takwas ne, na riga na yi booking ɗin tikiti."

Na hau bene na ƙwanƙwasa ƙofar Abigel. Ina jin motsin tukunya a ciki, har famfo na ji an rufe. Ba ta buɗe ba. Makullin gidanta yana cikin jakata tun shekara tara, amma a ranar na ji ba ni da hurumin saka shi.

Asabar tun asuba na soya masa, na yi miyar taushe, na cika kular har murfin na ƙin rufuwa. Wata abokiyar aikina ta gaya mini 'yan cocin su Abigel za su tsaya a gaban silima da ƙarfe biyu don nuna rashin yarda. Wannan ne kuma lokacin da su Alhaji za su shiga. Na ce wa Alhaji zan bi shi. Ya kalli kular, ya ɗauki makullin mota.

Muna shiga filin ajiye motoci na hango su. Kusan mutum talatin a jere bakin hanya, baƙaƙen Amurka da 'yan Najeriya, riƙe da kwalaye, suna waƙa a hankali. Abigel na can ƙarshe da ɗaurin ɗankwalinta na ranar Lahadi. Gefe guda motar 'yan sanda a tsaye, injinta a kunne. Su Alhaji suka fito cikin shadda da huluna kamar masu zuwa ɗaurin aure, kuma babu hanyar shiga sai ta gaban layin.

Mu da muka tashi a Kaduna mun san yadda rikici ke farawa. Ba da wuƙa yake farawa ba, da magana guda ce da dariya. Na taɓa kwana biyu a ƙarƙashin gado ina 'yar shekara goma sha huɗu, Abigel ma ta kwana nata a wata unguwar, kuma ba mu taɓa tambayar juna wa ya kori wa ba.

Waƙar ta tsaya. Muzammil, ɗalibin jami'a mai rawar kai da ke cikin ayarin Alhaji, ya ɗaga waya zai ɗauki hoto. Wani saurayi daga layin ya tako gaba ya ce da Hausa, "Sauke wayar nan." Ɗan sanda ya buɗe ƙofar mota ya zuro ƙafa ɗaya. Sylvanus ya dafa ƙirjin saurayin ya mayar da shi baya, idonsa a kan mijina.

"Alhaji, barka da rana."

"Barka kadai," in ji Alhaji, ya wuce da sauri, sauran suka bi shi.

Ni na tsaya a waje da kula a hannu, ba ni cikin layi, ba ni cikin silima. Na matsa kusa da Abigel.

"Maman Zakaria."

Ta ci gaba da kallon titi.

"Masa ce. Da zafinta."

"Na gode, Maman Suhaila. Na ƙoshi."

Wallahi da ta mare ni da ya fi mini sauƙi. Na koma gefe na tsaya a rana, hannuna na sagewa, na ƙi ajiye kular a ƙasa.

Ba a yi minti arba'in ba ƙofar silima ta buɗe. Alhaji ne, hula a hannu, yana ta a'uzubillahi, sauran bakwai a bayansa kamar waɗanda aka koro daga gidan biki. Ashe abin da bai taɓa zuwa masa a rai ba shi ne fim ai nunawa yake yi. An ɗauko wani ɗan wasa mai gemu an ce shi ne Annabi Isa, ga fuskarsa ta cika bango, ana nuna shi yana shirya yaudara da mabiyansa. Mutumin da ko zanen annabi ba ya yarda a shigo masa da shi gida, shi ne ya tara jama'a ya biya musu su zo su kalla.

Ya tsaya gaban Sylvanus, ya rage murya. "Baban Zakaria, wallahi ban san haka abin yake ba. Annabinmu ne mu ma."

Sylvanus zai yi magana, Abigel ta riga shi.

"Alhaji, a gaban mutum ɗari da ashirin ka yi mana dariya. Yanzu ka zo nan kana raɗa?"

Alhaji ya kalli abokansa, ya kalli wayarsa. Na san shi, shekara ashirin muna tare. Na ga maganar ta zo masa har maƙogwaro, na kuma ga girman kai ya danne ta. Ya sa hularsa.

"Hauwa'u, mu tafi."

Ban motsa ba. Na maƙale kular a hammata, na ciro wayata, na buɗe zauren, na danna.

"Salamu alaikum jama'a. Ni ce Hauwa'u, matar Alhaji Dabo. Maganar da ta fito daga gidanmu ranar Talata kuskure ce, an yi ta ba da sani ba, kuma ta ci mutuncin 'yan'uwanmu. Ina roƙon gafararsu a gaban kowa, kamar yadda aka ɓata musu a gaban kowa."

Na saki. Wayoyi suka yi ƙara a aljihun masu shadda da masu kwalaye lokaci guda. Alhaji ya kalle ni kallon da na san zan daɗe ina biyan bashinsa a gida. Ya shiga mota, ya ja ƙofa da ƙarfi, ya tafi ya bar ni a tsaye.

Abigel ta kara wayarta a kunne ta saurara har ƙarshe, alhali a gabanta na yi maganar. Ta miƙa wa Sylvanus kwalinta. Sannan ta zare kular daga hammatata, ta buɗe, ta gutsuri masa ta kai baki. Ta daɗe tana taunawa.

"Ta huce," in ji ta. "Zo mu je gida ki ɗumama mana. Makullina yana wurinki, ko?"