Sakan Goma Sha Ɗaya a Tsohon Allon Mama

Jama'ata na cikin waya, masu danna alamar so da masu leƙowa su wuce kamar ba su gani ba, duk ina gaishe ku. Yau babu bidiyon cire batir, babu tsokanar masu jefa waya a bokitin wanki su zo su ce min da kanta ta mutu. Labari zan ba ku. Wanda ya san ba shi da haƙurin karatu ya wuce tun yanzu, ban riƙe rigar kowa ba.

Kun san shagona na gyaran waya, wanda ke ƙarƙashin matattakalar bene, inda in na miƙe da sauri ƙeyata ke gaisawa da siminti. To, ranar Litinin da hantsi ina cikin ɓamɓare gilashin wata waya sai inuwa ta rufe min haske. Na ɗaga kai, sai ga tsohuwar maɗinkiyar nan ta hawa na uku. Shekara biyu ina jin ƙarar kekenta in layi ya yi shiru, amma ba ta taɓa tsayawa gabana ba sai ranar.

Ta zuge wata 'yar jaka da ta ɗinka da guntayen yadi, ta zaro tab, wato babbar wayar nan mai faɗin faranti. Ita allo take ce masa. Gefensa ya koɗe, maɓallinsa ya lotsa.

Na ce, "Mama, wannan ai ba shago ake kawo shi ba, gidan tarihi ake kai shi. Anya bai girme ni ba?"

Ta ce, "Ya dai fi ka kunya. Karanta min abin da yake rubutowa, kullum na kunna sai ya tare min hanya."

Na karanta. Manhajar aika saƙo ce ke sallama. Wai daga ɗaya ga wata ba za ta ƙara buɗewa a wannan na'urar ba. Na duba kalanda, ranar Alhamis ke nan.

Na ce, "Mama, ke tela ce, bari in yi miki da yarenki. Yaro ya girma, riga tana nan yadda take, kuma an warware lanƙwasar har babu sauran yadin da za a saki. Masu allon sun daina aiko masa da sabuntawa tun tuni, ita kuma manhajar ta yi gaba ta bar shi."

Nan bakina ya buɗe, kun san ni in na hango ciniki. Na jera mata sabo fil a kwali, wanda zai yi shekaru ana sabunta shi. Na jera mata na hannu mai ɗan sauran ƙarfi, na gaya mata gaskiya shi ma tsufansa na bakin ƙofa. Na ɗauko waya mai babban gilashi na ce ko wannan, ta shiga aljihu. Tana kallona kamar mai kallon ruwan sama ta taga.

Ta ce, "Ɗana ma haka ya ce a waya. Wai Mama ki yar ki sayi sabo. Sau ɗaya yake kira a wata, ka ga ba zan ɓata minti biyar ɗin da gardama ba." Ta ɗora yatsa a kan sabon. "In na ɗauki wannan, zai taho da shi?"

"Da wa?"

"Da Direba."

Mijinta ke nan. Direban babbar mota ne, sai ya yi sati biyu a hanya. Shi ya saya mata allon, ya sa masa layi na daban, ya koya mata danna abu ɗaya tak, inda ake jin saƙon murya. Duk inda ya tsaya sai ya aiko. Shekara uku da suka wuce ya faka a gefen titi don ya ɗan huta, bai tashi ba. Tun daga nan kullum da la'asar takan jingina allon jikin keken ɗinki, ta kunna shi yana magana tana taka feda.

Da mai hankali ne da ya yi shiru ya yi tunani. Ni sai na buga ƙirji. Na ce, "Mama, wannan ai shan ruwa ne. Kafin ki ƙirga goma Direba ya sauka a sabon gida."

Na sa kebul, ramin cajin wuta kawai yake sha, ba ya fitar da komai. Na nemi bulutut, ya daɗe da rasuwa. Na jona shi da intanet ɗina don in tura saƙonnin zuwa wayata, manhajar ta ce ta tsufa da aike. Saura hanya ɗaya, a shiga sabon da lambar tsohon, a aiko wa layinsa lambobi shida na tabbatarwa. Na duba layin da ke ciki, matacce ne. Shekara uku ba a sa masa kati ba, an ba wani.

Na kira lambar, har da sa sifika don Mama ta ga aiki. Wani mai kakkaurar murya ya ɗauka.

Na ce, "Yallaɓai, don Allah taimako. Wasu lambobi shida za su shigo wayarka yanzu, ka karanto min. Wata tsohuwa ce a nan..."

Ina faɗa ina jin kaina. Ni da na yi bidiyo uku ina gargaɗinku kar ku ba kowa lambobin nan ko da kuka ya zo.

Mutumin ya ce, "Tsohuwa kuma yau? Na jiya da marayu ya zo. Ka nemi sana'a, ɗan damfara." Ya katse.

Mama ta ce, "Yana da gaskiya. Ni ma da muryar nan taka ba zan ba ka ba."

Ta fara mayar da allon cikin jakarsa a hankali, kamar mai sa wa jariri riga. Ba ta yi fushi ba, kuma hakan ya fi min ciwo. Na ce ta ba ni zuwa jibi.

Ranar Laraba da safe na ja ƙofar shago na hau hawa na uku da sabon tab a hammata. Ɗaki ɗaya ne da ɗan tsakar gida. Keke a bakin taga, gado, kujera ɗaya. Kofi biyu a kan tire, ɗaya a kife. Hular Direba tana rataye a ƙusa, ƙurar da ke kan komai ba ta taɓa ta ba.

Dabarata ta 'yan ƙauye ce, amma ita ta rage. Na kashe fanka, na rufe taga, na haɗa bakin tsohon allo da kunnen sabon. Wannan ya yi magana, wancan ya naɗa. Ɗaya bayan ɗaya, saƙo ɗari biyu da 'yan kai.

"Tela, na wuce gada. Taya ɗaya ta yi min rashin mutunci, amma mun shirya."

"Tela, kin sha maganin? Kar ki ce e, na san ki."

"Wandon nan da kika ɗinka min, ko dai ya tsuke ko ni na buɗe. Kar ki ba da amsa."

Sai Mama ta ce, "Kai ka buɗe mana, mai tumbi."

Na ce, "Mama, kin shiga cikin naɗin. Sai mun sake."

Muka sake. A na gaba ta kuma amsa masa. Na sake. A na biyar na daina sakewa, na bar su suna hirarsu. Ni da ba a taɓa jin bakina ya huta ba, na wuni zaune a ƙasa, gumi na bin bayana, aikina danna naɗi kawai.

Wajen la'asar muka iso na ƙarshe. Sakan goma sha ɗaya. Kwanan watan ranar da ya rasu ne. Na kai yatsa, sai ta kama min wuyan hannu. Hannun tsohuwa, amma sai da na ji shi.

Ta ce, "Wannan ban taɓa buɗe shi ba."

"Shekara uku, Mama?"

"Ina kan ɗinki ya shigo, na ce bari in gama hannun riga. Kafin in gama aka kira ni." Ta saki hannuna. "Muddin ban ji ba, akwai sauran maganar da zai gaya min. In na ji, ya gama ke nan."

Na ce, "To gobe manhajar za ta rufe da shi a ciki."

Ta daɗe tana kallon hular. Sannan ta ɗauki mayafinta. "Zan sauka in zauna maka a bakin shago. Ka naɗa, ka ajiye min shi can ƙasa, shi kaɗai. Kar ka gaya min abin da ya ce, ko na roƙe ka."

Na ji takunta har ya ɓace. Na gyara allunan biyu, na danna naɗi, na danna saƙon.

Wani ɗan da'ira ya yi ta juyawa. Ya juya, ya juya. Sai rubutu ya fito: wannan saƙon babu shi a na'urarka, ka nemi wanda ya aiko ya sake aikowa.

Na gane nan take, aikina ne. Ranar da ya aiko, sanarwar ce kawai ta iso, muryar ba ta sauka ba. Wataƙila data ce ta ƙare. Su kuma can ba sa ajiye saƙo shekara uku suna jiran kowa. Abin da Mama take ta lallaɓawa tun ranar, ambulan ne babu takarda.

Na sake dannawa sau bakwai, kamar wanda bai san komai a waya ba. Na cire intanet na mayar. Na roƙi allon da bakina, ni da na ce a kai shi gidan tarihi.

Daga nan na zauna a kujerar nan ɗaya. Babu motsin komai sai agogon bango. Na ɗauki sabon tab, na danna naɗi, na bar shi ya ɗauki ɗakin har sakan goma sha ɗaya. Na kashe. Na sa masa suna Na Ƙarshe, na kai shi can ƙasan jerin.

Na same ta zaune a kan bencina, ta kori mutum biyu ta ce mai shagon yana babban aiki.

Ta ce, "Ka ji?"

Na ce, "Na ji, Mama."

"Muryarsa lafiya? Ba ya nishi?"

Na yi wa kwastoma ƙarya ta fi cikin kwando, ba ta taɓa yi min nauyi ba sai wannan. Na ce, "Lafiya lau."

Ta sauke numfashi. "To ya isa. Rufe bakinka haka nan, ɗana."

Ranar Alhamis manhajar ta rufe kamar yadda ta yi alkawari. Mama ta sa tsohon allon a jakarsa ta ajiye a durowar keke, ta ɗinka wa sabon tasa jakar. Yanzu da la'asar, in layi ya yi shiru, nakan ji Direba yana gangarowa ta matattakala yana tambaya ko an sha magani, in ji ta amsa masa sau biyu, ɗaya a cikin naɗi, ɗaya a ɗaki. Ni kuma ina nan ƙasa tare da ku mabiyana dubu goma da 'yan kai, babu wanda ya taɓa tambayata ko na sha nawa.

Jiya ta leƙo ta ce min wani lokaci yatsanta yakan je kan na ƙarshen ya tsaya. Wai wataƙila ranar da ta ji jikinta ya yi nauyi za ta buɗe. Ta faɗa tana murmushi, ta hau sama. Har yanzu ɗan sukurun wayar da ke hannuna a lokacin ban san inda ya faɗa ba.

Da ku ne a kujerar nan, ita tana ƙasa tana jira, me za ku sauko ku gaya mata?