Muryar Limamin da Ba a Sauya Ba

Yagana Kyari ta shafe shekara goma sha ɗaya tana aiko wa wani gidan rediyo labaran yaƙin Borno. Iyayenta 'yan can ne, amma a Fagge aka haife ta, kuma nan ta dawo da zama bayan an yi mata barazana har sau biyu. Wata Laraba da hantsi wani mutum ya kira ta da baƙuwar lamba. Ya ce sunansa Goni, dā yana cikin mayaƙan daji, ya ajiye makami, yanzu dako yake yi a Kasuwar Sabon Gari. Yana son ganin ta.

Ba ta bar shi ya zaɓi wuri ba. Ta ce su haɗu a shagon ƙawarta Ebere mai sayar da labule da zanin gado. Adaidaita sahu biyu ta canza a hanya, tana tafe tana waige.

"Ina nan bakin ƙofa," in ji Ebere. "Idan kika yi tari sau biyu, sai na tara masa kasuwar nan."

Goni ya iso da buhu a kafaɗa. Yagana ta ce ya zazzage shi kafin ya zauna. Igiya ce da gammo. Ya tsuguna a ƙasa, ta kunna rikoda.

"Hajiya, kin tuna limamin da kika yi hira da shi shekara shida da suka wuce? Wanda ya ce abin da muke yi ba addini ba ne?"

"Na tuna. Ban faɗi sunansa ba, ban faɗi garinsu ba."

"Amma ba ki sauya muryarsa ba. Shugabanmu a gabansa ya yi karatu. Yana ji ya ce, wannan Malam ne."

Ta san an kashe limamin, amma an ce mata wani maƙwabcinsa mai suna Modu ne ya kai tsegumi. Ta tuna ranar: lokacin labarai ya matso, ta tura hirar yadda take.

"Kai ka harbe shi?"

"Ni na tuƙa babur ɗin." Bai ɗago kai ba. "Modu bai san komai ba. Har yau a sansanin gudun hijira ba mai cin abinci da shi, an fasa auren 'yarsa. Ni idan na yi magana kashe ni za a yi. Ke za a saurare ki."

Wani ya leƙo yana tambayar farashin labule. Goni ya zabura ya manne da bango, sai da Ebere ta janye mutumin waje ya koma ya tsuguna.

Da ta kai wa editanta, Malam Bahauddeen, hirar Goni, ya saurara har ƙarshe, ya cire tabarau.

"Yagana, idan wannan ya fita, ba wanda zai ƙara yarda ya yi hira da ke."

"Malam, shi Modu shekara shida ba wanda ya yarda ya gaishe shi."

Ranar Juma'a aka sa rahoton. Da bakinta ta faɗi cewa sakacinta ne ya tona asirin limamin. Gidan rediyon ya dakatar da ita wata uku. Ta kira matar marigayin sau huɗu, ba a ɗauka ba.

Bayan mako guda ɗan Modu ya same ta a waya. Ya ce dattawa uku sun zo tantinsu bayan sallar la'asar, sun zauna da babansa, an sha shayi.

"Baba ya ce in gaya miki ya ji rahoton," in ji shi.

Ta tambaye shi ko akwai wani saƙon bayan wannan. Ya ce iyakarsa ke nan.