Fosta a Ɗakin Baba Haladu

Zinnira ta tare shi a soro tun bai cire takalmi ba.

"Likita, idan gafara ka zo nema, ka koma da abarka."

Da can Yaya take ce masa. Katanga ɗaya ce ta raba gidansu da na mahaifinta a Gwarzo, kuma a gabansa ta koyi tafiya. Dakta Sharfaddeen ya tsaya da ledar lemo a hannu.

"Jikin Baba na zo dubawa."

"To ka duba jiki. Fostar tana bango, saitin kansa. Shi da kansa ya sa aka liƙa masa. Na ce masa yabo aka rubuta, unguwa kuma ta bar shi a haka. Ba za ka sauke nauyinka a kan mutumin da ko kunu da ƙyar yake haɗiya ba."

Shekara arba'in Baba Haladu yana wanzanci. Aski, ƙaho, da cire haƙori a kasuwar Gwarzo da ta Kabo. Sharfaddeen kuwa Alkahira ya je ya karanto haƙori, ya dawo ya zauna a Kano, ƙungiyar likitocin haƙori ta ba shi sakatare. Shi ya rubuta takardar da suka kai majalisa, suna neman a yi dokar hana cire haƙori ga duk wanda ba shi da lasisi. Bai yi ƙarya a takardar ba. Da idonsa ya ga wata mata daga Kutama da aka kawo wuyanta a kumbure, kwana biyar bayan an cire mata haƙori a kasuwa, ba ta kwana ba.

Sai shugaban ƙungiya ya ce 'yan majalisa ba sa karanta shafi talatin, hoto suke kallo.

Ranar wata Asabar Sharfaddeen ya shigo gidan nan, ya ce yana so ya ɗauki hoton Baba da kayan aikinsa saboda tarihi. Tsohon ya shiga ya sako babbar rigarsa ta Sallah, ya zazzage zabira a kan tabarma, ya ɗaga awartaki yana murmushi. An ce za a rufe fuskar. Mai buga fosta bai rufe ba, Sharfaddeen kuma da aka nuna masa samfuri bai hana ba, domin da fuskar ta fi kama ido. Cikin wata biyu ta kai har bangon shagon magani a Kabo.

Ɗakin yana warin man zafi. Baba Haladu yana jingine da matasai uku, ƙafafunsa sun kumbura har fatar tana ƙyalli.

"Wa nake gani? Likita bokan Turai. Ƙaraso, ƙaraso."

Sharfaddeen ya durƙusa. "Baba, ina wuni? Ya ƙarfin jiki?"

"Jiki alhamdu lillahi. Ya Kano? Ya iyali? Ya Hajiyarka, ƙafar tata da sauƙi?"

"Da sauƙi, Baba. Tana gaishe ka."

"Ina amsawa. Buɗe bakin mu gani."

"Baba."

"Na ƙasa na hagu, ni na cire maka shi kana ɗan shekara shida. Ka cije ni har da jini. Ka je Misira ka dawo, ka ga wanda ya tsiro a karkace?"

"Ya tsiro daidai."

"To."

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Sharfaddeen ya riƙe masa wuyan hannu yana ƙirga bugun jini, don ya sami abin da zai kalla ban da bango.

"Mutane sun ɗauke ƙafa," in ji tsohon bayan ya sami numfashi. "Zuwana Kabo na ƙarshe, daga hantsi har la'asar mutum ɗaya ya zauna, shi ma inuwa ya biyo. Tsufa ne. Wa zai ba mai rawar hannu bakinsa?"

Zinnira tana tsaye a bakin ƙofa. Tsohon ya ce ta je ta kawo wa baƙo ruwa. Ta fita.

Baba Haladu ya nuna sama da haɓarsa. "Karanta mini. Ni ajami na sani, waɗannan tsutsotsin naku ban iya su ba. Kai ka yi abin, daga bakinka nake so na ji."

Sharfaddeen ya ɗaga kai. Ga babbar riga, ga murmushi, ga awartaki. A ƙasa da jan rubutu: A GUJI MASU CIRE HAƘORI NA BOGI. SUNA KASHE MUTANE. Shi ya zaɓi kalmomin, ya ma yi gardama a kansu da wani da ya ce sun yi zafi.

Daga tsakar gida yana jin ƙarar moɗa a bakin randa. Lokaci ya isa ya faɗa, ya kama ƙafar tsohon, ya nemi yafiya.

"An rubuta, Malam Haladu wanzami, wanda ya daɗe yana yi wa jama'a hidima."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Baba."

Tsohon ya dube shi, ya daɗe yana dubansa.

"Na Zinnira ya fi tsawo. Ita har da Allah ya saka da alheri a ciki." Ya lumshe ido. "Kowa da irin karatunsa. Allah ya yi maka albarka, Sharfaddeen. Ka gaida Hajiya."

Ranar Talata da hantsi aka kira Sharfaddeen a waya. Yana zaune a barandar majalisa cikin kwat, kwamitin lafiya zai saurari ra'ayin jama'a a kan ƙudurin, sunansa ne na uku a jeri. Ƙaninsa ya ce Baba Haladu ya cika, za a yi jana'iza ƙarfe sha ɗaya. Da ya tashi a lokacin, da ya samu. Ya duba agogo, ya duba ƙofar zauren. Ya kashe wayar.

Ya yi magana minti goma sha biyu. An tafa masa.

Bayan la'asar ya isa Gwarzo. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, maza suna zaune a inuwar katanga. Suka matsa suka ba shi wuri mai kyau kusa da liman. Ya yi ta'aziyya, aka amsa, aka shafa fatiha. Ba wanda ya tambaye shi inda ya tsaya.

Can sai ga wani dattijo ya sauka daga acaɓa, ya ɗaure haɓarsa da rawani, kuncinsa na dama ya yi suntum. Daga Durun yake. Ya yi sallama yana tambayar gidan wanzami, sai ya ga tabarmin. Ya yi salati a hankali, ya tsuguna a gefe, aka yi addu'a da shi.

Liman ya ce, "Malam, ai ka yi sa'a. Ga likitan haƙori nan zaune, ɗan gida ne."

Mutumin ya juyo. Daga inda yake Sharfaddeen yana ganin kumburin ya fara gangarowa ƙarƙashin muƙamuƙi.

"Shi ne na Kano?"

"Shi ne."

"A'a, a bar shi. Zai lafa."

Ya ja rawanin ya ƙara rufe kuncinsa. Ya zaro ƙwayar kanumfari daga aljihu, ya tura ta can cikin baki da ɗan yatsa, ya juya yana kallon titi.