Ɗan Kunnen Keke

Da hantsi matar Gaggawa ta shigo shagon gyaran kekuna, tana jan keken mijinta. Tayar baya ta karkace ta manne da ƙarfe, sarƙa tana jan ƙasa. Mai gyaran, wani dattijo mai tabarau, ya ajiye sifana ya kakkaɓe mata benci.

"Sannu, 'yata. Yaya mai jiki?"

"Da sauƙi, Baba," ta ce, don haka aka saba cewa. "Ƙashin baya ne. Yau kwana tara bai motsa ƙafa ba."

Gaggawa ɗan kai saƙo ne, saurinsa ya ja masa sunan. A gangaren gada keken ya ƙi tsayawa, ya afka wa bayan motar kaya.

"Ba gyara na kawo ba," in ji ta. "So nake ka duba ka gaya mini abin da ya faru. Shi ya ce bai tuna ba. Amma duk lokacin da ya faɗi haka, bango yake kallo."

Dattijon ya kifa keken, ya tsuguna. Bai daɗe ba ya gani. A tsakiyar tayar baya, inda ya kamata a sami manyan notuna biyu, wani ɗan maƙulli ne mai sheƙi, wanda ake lanƙwasawa da yatsa a cire taya ba sai da sifana ba. Kunne masu gyara suke ce masa. A gabansa fenti ya kankare, tsawon gaɓar yatsa.

Ya so ya ce ƙaddara ce ya yi shiru. Amma ta zuba masa ido, shi kuwa bai iya ƙarya a kan ƙarfe ba.

"Matso ki gani. Wannan keke ba kamar sauran ba ne. Feda da taya a haɗe suke, in ɗaya ta juya dole ɗayar ta juya. Ba shi da birki, ƙafar mai hawa ce birkinsa. In ya taka feda baya don ya tsaya, sarƙa takan fizgo tayar gaba da nauyin mutum gaba ɗaya. Shi ya sa ake ɗaure ta da noti, a matse da sifana."

"Kunnen fa?"

"Ƙarfin yatsa kawai yake riƙewa da shi. Kin ga kankarar nan? Nan tayar ta zame. Sarƙa ta saki, ta faɗi. Daga nan ko ya taka, iska yake takawa."

Ta shafa wurin da ɗan yatsa. A hawa na uku na bene suke zaune ita da mijinta, matakalar kuwa ƙunci gare ta. Kullum da yamma sai mijin ya kwance tayar baya kafin keken ya shige kwanar matakalar, kullum sifana tana kuɓucewa tana ɗaye masa bayan hannu.

"Ni na sayo masa," ta ce a hankali. "Har na naɗe a takarda. Na ce ga ɗan kunne na saya wa 'yar lelenka, tunda ta fi ni samun shafa mai. Ya yi ta dariya."

"Na sani. A hannuna kika saya, shi da sandarsa mai ratsa tsakiyar taya." Ya cire tabarau ya riƙe. "Kin ce na keke ne, na miƙa miki. Ban tambaye ki wane irin keke ba. Shekara talatin ina tambaya, ranar ban tambaya ba."

Ba ta ce ta yafe ba, ba ta kuma zarge shi ba. Abu ɗaya ta tambaya.

"Shi ya san bai dace ba?"

"Duk mai hawan irin wannan ya sani, 'yata."

"Amma ya ɗaura."

"Ya ɗaura."

Ta daɗe tana kallon titi. Wani mai keke ya wuce yana kaɗa ƙararrawa.

"Baba, mayar masa da notinsa."

Dattijon bai tambaye ta wa zai hau ba. Ya sauya sandar, ya miƙe tayar gwargwadon yadda ta yarda, ya ja sarƙa, ya matse notin hagu, ya matse na dama, ya sake bin kowanne. Sannan ya ɗauki kunnen zai jefa cikin bokitin tarkace.

Ta miƙa hannu. "Ba ni."

"Me za ki yi da shi?"

"Asibiti zan kai masa, in ajiye a gefen gadonsa." Ta ƙulle shi a bakin mayafi. "Wuyansa ya gaji da juyawa wajen bango."