Taswirar da Ba Ta da Arewa

Da Umara ya san ranar ce ta ƙarshe ga tsohon maƙwabcinsa, da bai hana Habsu shigowa mota ba. Amma da ta kira daga Damagaram sai ya ce, "Zauna ki yi egzamenki, jarrabawa ba ta jira. Zazzaɓi ne kawai. Duk abin da ya faɗa zan rubuta miki."

Habsu ce 'yarsa ta fari, tana shekara ta uku a jami'a, tana karatun jiyogarafi. Aikin da zai ba ta takardar kammalawa a kan kwarurukan da rairayi ya binne a kewayen Gure ne, kuma ba wanda ya rage da saninsu sai maƙwabcinsu Baba Ɗan Kasuwa, tsohon mai jan raƙuman kanwa. Matarsa ta daɗe da rasuwa, ɗansa ɗaya ya tafi Libiya, ba labari.

Bayan la'asar Umara tela ya same shi kwance a gindin dogon yaro, tsakar gidan shiru, ko kaza babu.

"Ina mai auna duniyar?" in ji tsohon. "Wato tela ta turo min?"

"Tela ma yana awo, Baba."

"Awon wando ba."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Sai ya miƙe zaune, ya shafe ƙasa da tafin hannu, ya dasa tsakuwa. "Nan Gure." Ya riƙa danna yatsa yana kiran suna: Goruba Uku, Rijiyar Makaho, Mai Kanwa. Umara, wanda a aji huɗu ya bar lakkol, yana tsugune gabansa da kaye, littafin rubutu, a gwiwa, yana kwafe ɗigon da sunayen, gumi na zubo masa, tsoronsa kada harafi ɗaya ya kuɓuce yarinyar ta faɗi. Da rana ta same shi sai ya koma gefen tsohon, ya ci gaba.

A ɗigo na tara yatsan ya daɗe bai ɗaga ba.

"Kwarin Balkisa. Nan uwata take. Yanzu tudu ne a kanta. Ka ce wa yarinyar ta sa shi a takarda, don bayana ba mai kiran sunan."

Washegari da hantsi Kellu, matar Umara, ta kai masa kunu. Ta yi sallama sau uku. Ƙofa a buɗe take, butarsa a cike.

Mutum goma sha ɗaya suka raka shi kushewa. Kafin su dawo Kellu ta yayyafa ruwa, ta share tsakar gidan tas, ta shimfiɗa tabarmin zaman makoki. Ba wanda ya gaya mata akwai abu a ƙasan.

Ran sadakar uku Habsu ta iso. Bayan an watse Umara ya miƙa mata kayen da hannu biyu. Ta karanta sunayen a hankali, tana share ido, sai ta tsaya.

"Baba, ina arewa?"

"Arewa tana inda take mana."

"A takardar nake nufi. Mu a sama muke sa ta. Su tsofaffi gabas suke sawa a gabansu. Ina ya fuskanta? Kai kuma yadda kake gani ka kwafa, ko ka juya?"

Umara ya buɗe baki. Ya tuna tarin, ya tuna yatsan, ya tuna ya sake wurin zama. Ko ya juya kayen a lokacin, wannan ya ɓace masa.

"Ni na ce ki zauna," ya faɗa a hankali.

Habsu ta miƙe. Ta shiga gidan tsohon, ta zauna a gindin dogon yaron inda shatin tsintsiya ke nan, ta ɗora kayen a ƙasa, ta juya shi, ta sake juyawa. Umara na tsaye a bakin ƙofa.

Sunaye tara suna nan, ba wanda ya ɓata. Amma har yau ba a san ko Kwarin Balkisa yana gabas da Gure ko yamma ba.